Gashin Bakin Abu Firas da Shuɗiyar Ƙofa

A duk unguwar Jabal Husaini da ke Amman babu wanda bai san Abu Firas ba. In ma akwai, to bai taɓa zama kusa da shi na minti biyar ba ne. Abu biyu yake ji da su a duniya. Na farko gashin bakinsa, baƙi wuluk, mai lanƙwasa a gefe biyu, wanda yake shafa wa mai kowace safiya kafin ma ya gaida matarsa. Na biyu wani shago da ya taɓa buɗewa shekara talatin da suka wuce, inda matasa ke jefa tsaba a inji su buga gem. Injina huɗu ne, biyu ba sa aiki, kuma wata bakwai shagon ya yi ya mutu. Amma in ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse shi ya kawo wa Jodan wutar lantarki.

A saman gidansa akwai ɗaki guda da ya ba da haya ga Rawan, 'yar ƙanwarsa, ita da abokan aikinta biyu, Nidal da Suha. Shekara uku ke nan suna haɗa wani gem da suka sa wa suna Matakalar Hajja Zarifa. Wata tsohuwa ce ɗauke da faranti cike da burodi a ka, tana hawan matakalan birnin nan da ba sa ƙarewa, tana kauce wa maguna da ruwan wanki da ake watsowa daga bene. Gudummawar Abu Firas a aikin ba ta wuce ɗaya ba. Kullum da hantsi zai hau da kofin gahawa, ya tsaya a bayansu, ya ce, "Ni na fara wannan harka a ƙasar nan," ya ba da shawarar a ba tsohuwar bindiga, ya sauka abinsa.

Ranar wata Laraba yana zaune a shagon Abu Samir mai aski, abokinsa tun firamare, wanda bai taɓa yarda da maganarsa ko ɗaya ba.

"Na ji an ce ranar Asabar za a yi hira da yaran samanka a wajen baje kolin masu haɗa gem," in ji Abu Samir. "Kai tsaye, duniya na kallo."

"Da mu za a yi hira."

"Ku? Kai da wa?"

"Ni da yarana. Kana ganin su waye suka koya musu?"

"To, ɗana Samir ya ga farkon gem ɗin a wayar Nidal. Ya ce suna uku ne a rubuce. Har sau biyu ya ƙirga."

Masu jiran aski suka fara murmushi ƙasa-ƙasa. Abu Firas ya ji zuciyarsa ta ɗauki zafi. Ya miƙe da tawul a wuya, ya kama gefen gashin bakinsa da yatsu biyu. A nan kuwa in namiji ya kama gashin baki ya yi magana, magana ta zauna ke nan.

"Ku shaida! Ranar Asabar, a gaban jama'a, in ba a tabbatar da cewa ina cikin wannan aiki tsundum ba, in ba a rubuta sunana a ciki ba, Abu Samir ya aske wannan tas!"

Abu Samir ya ajiye almakashi. Ya buɗe aljihun tebur, ya ciro wata tsohuwar aska, ya ɗora ta a gaban madubi inda kowa zai gani.

"Daga yau zan fara wasa ta," ya ce.

Abu Firas ya haye bene da ƙarfinsa, ya sauko a sanyaye. Rawan ta saurare shi cikin ladabi, sannan ta ce, "Kawu, wallahi muna godiya da ɗaki. Amma sunan wanda ya yi aiki ake rubutawa."

"Shawarwarin da nake ba ku fa?"

"Ba mu ba ta bindigar ba, Kawu."

Ta bayyana masa yadda abin zai kasance. Minti goma aka ba su. Ita za ta amsa tambayoyi, Suha za ta zauna a bayan dandamali da kwamfuta, Nidal zai riƙe rimot ya buga gem ɗin a babban allo. A layin gaba wani Ustaz Marwan zai zauna, wakilin kamfanin da ke ɗaukar gem ya kai shi kasuwannin duniya.

"Kuma ka sani, Kawu, titi ɗaya kacal muka gama. Shi za mu nuna. Haka kowa yake yi a wannan sana'a, ka share hanya ɗaya, ka bi ta daidai a gaban mutane, kada ka leƙa hagu ko dama. Nidal ya bi ta ya fi sau ɗari biyu."

"To ni mene ne aikina?"

"Tafi, Kawu. In mun gama ka yi mana tafi."

Tafi! Mutumin da ya kawo wa ƙasa gem a ce masa ya yi tafi. Ya kwana biyu yana saƙa da warwara, har dabara ta faɗo masa. Shi zai kai su da motarsa. Wanda ya kai ka wuri ai dole a gan ku tare, in an gan ku tare kuwa makirfo ba zai yi nisa ba. Don kada abin ya wuce ba shaidu, ya yi shatar ƙaramar bas ta 'yan unguwa, ya sayi babban faranti na kunafa, wani kayan zaƙi mai zuma, ya sa matarsa Umm Firas ta ɗauko rigar biki.

Safiyar Asabar aka jera kaya a but ɗin tsohuwar Marsandinsa. Nidal ya sunkuya yana gyara zaman kwamfuta. Abu Firas kuwa ya juya baya yana ba mutanen bas labarin ranar da wani minista ya so shiga shagonsa bai samu wuri ba. Da ya zo ƙarshen labari ya ce, "Haka na rufe masa ƙofa!" ya kuma nuna yadda ya yi da murfin but.

Ihun Nidal har tattabarun saman masallaci sai da suka tashi.

Yatsu uku na hannun dama suka kumbura suntum. Rawan ta dafe kai. Suha ta ruga ta karɓo ƙanƙara a wurin mai lemo.

"Laifinsa ne," in ji Abu Firas. "Wa ke ajiye hannu a but?"

"Mai sa kaya a but," in ji Umm Firas daga tagar bas.

A zauren baje koli suka tarar da Lubna, mai gabatar da shirin hira da masu haɗa gem, tana duba agogo. Rawan ta fara yi mata bayanin cewa ita za ta yi ƙoƙarin bugawa tana magana. Ba ta ƙarasa ba Abu Firas ya kutso tsakaninsu.

"'Yata, kina magana ne da wanda ya fara wannan harka a ƙasar nan. Tun ba a haife ku ba nake riƙe rimot."

Idon Lubna ya yi haske. "Allah? Ka ga abin da shirina yake nema! Tsohon hannu da sabon jini a dandamali ɗaya. Baba, kai za ka buga mana."

Rawan ta buɗe baki, amma an riga an maƙala wa kawunta makirfo a kwala. Sai ta ja shi gefe, ta kama tafin hannunsa, ta rubuta da biro: miƙe, dama, tsalle, dama.

"Kawu, don girman Allah, abin da na rubuta kawai. A tsakiyar titin akwai wata shuɗiyar ƙofa. Kada ka taɓa ta."

"Na ji."

"Kada ka taɓa ta, Kawu."

"Ke, ni za ki koya wa gem?"

Kafin a kira su ya gaisa da mutum arba'in hannu da hannu, ya kuma raba kunafa da kansa, zuma na ɗiga. Da ya hau dandamali ya duba tafin hannunsa, babu abin da ya rage sai wani shuɗin dabbare.

Fitilu suka haska. Zauren ya cika, 'yan unguwa sun mamaye layi biyu a tsakiya, Abu Samir a gabansu ya harɗe ƙafa. Nidal na gefen dandamali da hannu a cikin ledar ƙanƙara.

Lubna ta fara da Rawan. "Mene ne ya fi ba ku wahala a wannan aiki a yankinmu?"

"Gaskiya, kamfanonin waje suna zuwa ne da tunanin cewa gem ɗin Larabawa sai da raƙumi da rairayi. Mu kuwa muna son mu nuna birnin da muka tashi a..."

"Wahala?" Abu Firas ya katse ta. "Yaran nan sun san wahala? Ni a kafaɗa na hau da inji bene uku!"

"Shagon a ƙasa yake!" Abu Samir ya ɗaga murya daga tsakiyar zaure.

"Benen maƙwabta nake nufi!"

Jama'a suka yi dariya. Lubna ta ji daɗi, ta juya wajensa gaba ɗaya. "To Baba, in gem ya samu matsala a cikinsa, ta yaya kuke gano ta ku gyara? Na san wasu kan yi makonni suna nema."

"Makonni? Ɓata lokaci. Mari."

"Na'am?"

"Ka mari injin a gefen hagu. In ya ƙi, ka ƙara masa. Ban taɓa ganin wanda ya wuce mari uku ba."

Rawan ta yi wata dariyar yaƙe, ta ce a fara nunawa kawai. Hajja Zarifa ta bayyana a babban allo da farantinta, rana na haska tsofaffin gidaje, kiɗa na tashi a hankali. Zauren ya yi tsit, domin abin ya yi kyau ƙwarai. Har Ustaz Marwan, wanda tun safe yake hamma, ya ajiye wayarsa.

Abu Firas ya danna. Tsohuwa ta fara tafiya da baya.

"Kawu, ka juya rimot ɗin," Rawan ta raɗa masa. Ta manta akwai makirfo a jikinta, zaure duka ya ji.

"Da gangan na yi. Ƙwararru haka muke riƙewa."

Hajja Zarifa ta ci gaba da baya-baya har ta zo bakin matakala, ta gangara ƙasa gaba ɗaya, burodi na binta ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan darasi ne," in ji Abu Firas. "Muna nuna wa matasa cewa rayuwa akwai hawa akwai sauka."

"Mun ga saukar!" in ji Abu Samir.

Abu Firas ya juya rimot ɗin a ɓoye. Da kyar da jiɓin goshi ya mayar da tsohuwar kan titi. Ta taka wutsiyar mage, ruwan wanki ya same ta sau biyu, amma dai tana tafe. Rawan ta samu ta fara bayanin yadda suka yi wata shida suna ɗaukar sautin takun mutane a matakalan gari. Abin ya fara daidaita. Sai ga shuɗiyar ƙofa a hannun hagu.

"Abu Firas!" Abu Samir ya miƙe tsaye. "Tunda kai ka gina garin, mene ne a bayan waccan ƙofar?"

"Ba a nuna ta yau."

"Ba a nunawa, ko ba ka sani ba?"

Ya zaro askar daga aljihu, ya ɗan ɗaga ta fitila ta haska. Abu Firas ya ji gashin bakinsa ya yi masa nauyi. Ya tuna sau biyu Rawan ta ambaci ƙofar nan. Abin da aka hana ka har sau biyu, ai nan ne aka ɓoye mai kyan. Yaran nan so suke su cinye yabo su kaɗai.

"Jama'a," ya ce, yana gyara tsayuwa, "abin da ke bayan ƙofar nan shi ne ɓangaren da na fi sa hannu a ciki."

"Kawu, a'a!"

Ya riga ya danna.

Ƙofa ta buɗe. Babu sama, babu gidaje, ƙasa toka-toka shimfiɗe har iyakar gani. Kasuwa ce da ba a gama ginawa ba. Ga rumfuna, ga awaki, ga masu sayarwa, ga tarin lemo. Kuma kowane ɗaya daga cikinsu fuska ɗaya gare shi, fuskar Abu Firas. Hoton da aka ɗauke shi ne ranar bikin ɗansa Firas, baki a buɗe, ido a zare, ƙwayar shinkafar mansaf biyu maƙale a gashin baki. Akuya da fuskarsa. Turken fitila da fuskarsa. Kowane lemo a kan tebur yana kallon jama'a da gashin baki.

Wata akuya ta tako ta tunkuyi Hajja Zarifa, ta buɗe baki, lasifikokin zauren suka ɗauka da muryar da duk Jabal Husaini ta haddace:

"Ni na fara wannan harka a ƙasar nan!"

Zaure ya fashe. Wani a layin baya ya faɗo daga kujera. Abu Firas ya shiga danna duk abin da yatsansa ya samu don ya fita, tsohuwa ta ruga ta afka teburin lemo. Ashe akwai matsalar da ba a gyara ba a wurin, duk abin da aka taɓa sai ya haifi goma. Lemo ya watse, kowane lemo ya zama goma, kowanne na birgima yana cewa shi ya fara wannan harka a ƙasar nan. Awaki suka zama garke. Allo ya cika maƙil da gashin baki.

Lubna tana share hawaye ta miƙa makirfo wajen Nidal, tunda Rawan ta rufe fuska da hannu biyu. "Don Allah ka yi wa masu kallo bayani. Mene ne wannan?"

Nidal ya dubi yatsunsa, ya dubi Abu Firas, sannan ya yi magana a natse.

"Al'adar aikinmu ce. Duk abin da ba a gama zanawa ba, sai a liƙa masa wani abu na wucin gadi ya riƙe wurin. Sharaɗin shi ne ya zama abin da ido da kunne ba za su iya jurewa ba, don kada a manta a bar shi. Da farko launi mai kashe ido muka sa, wata biyu muka saba da shi. Wannan kuwa shekara uku ke nan ba mu saba ba."

"Ni shekara talatin da biyar ban saba ba!" in ji Umm Firas.

A nan gem ɗin ya ƙame. Hoto ya tsaya cak, murya kuwa ta maƙale tana maimaita, "Ni na fara, ni na fara, ni na fara." Abu Firas ya ga saura hanya ɗaya ta ceton mutunci. Ya nannaɗe hannun riga, ya nufi babban allo, ya zabga masa mari a gefen hagu. Babu abin da ya canza. Ya ƙara. A na uku wata waya ta zare daga baya, allo ya mutu ɗif. Amma lasifika ba ruwanta da allo. Cikin duhun dandamali muryar ta ci gaba da sanar da duniya wanda ya fara.

"Bai wuce ukun ba kam," in ji Abu Samir.

Bayan dandamali Rawan ta zauna a kan akwati, hawaye na zuba. Shekara uku, kawunta ya ƙone su a minti bakwai. Abu Firas ya tsaya nesa da ita, ya rasa inda zai ajiye hannunsa. Karon farko a rayuwarsa ya ji kunya ta gaske. Yana neman abin faɗa sai ga Ustaz Marwan ya shigo, ido jajur don dariya.

"Gem arba'in na gani tun jiya," ya ce wa Rawan, "ban tuna ko ɗaya ba. Titinku yana da kyau, wannan ba wasa. Amma kasuwar nan nake so. Ku bar ta yadda take, ku gyara matsalar, ku mai da ita matakin ƙarshe. Tsohuwa da farantinta, ta ratsa garken wannan bawan Allah. In kun yarda, ku zo ofis ranar Litinin." Ya juya ya kama hannun Abu Firas. "Yallaɓai, dole ne a rubuta sunanka."

An kuwa rubuta. Suha ce ta ƙara layi na huɗu a ƙasan sunaye ukun: Awaki, lemo da turakun fitila, Abu Firas.

Kafin ranar Litinin guntun bidiyon ya zaga ƙasa. Mai tuyar falafel, ƙosan can, ya miƙa wa Abu Firas ƙunshi ya ce, "Kai ka fara, Abu Firas, kai za a fara sallama." Direban tasi ya rage gudu ya yi masa kukan akuya. A kasuwar kayan miya wata tsohuwa ta ɗaga lemo ta dube shi, ta dubi Abu Firas, ta ajiye ta yi gaba tana ƙyalƙyala. Duk inda ya bi, gashin bakin ne ke tona shi tun daga nesa.

Ranar Talata da sassafe, kafin mutane su taru, ya shiga shagon Abu Samir ya zauna a kujera ba sallama.

"Aske shi."

"Me?"

"Ka ji ni. Aske shi tas. Ba ka wasa askar ba?"

"Na wasa. Amma me muka ce? In ba a tabbatar kana cikin aikin ba, in ba a rubuta sunanka ba. An tabbatar, da idona na gan ka ka fi dubu. An kuma rubuta. Ka ci, Abu Firas. Ni ba na cin amanar rantsuwa."

"Ni na yafe rantsuwar!"

"Ba kai kaɗai ka shaida ba."

Suna cikin haka Rawan ta leƙo da takarda a hannu, fuskarta fal murna. "Kawu, ashe kana nan. An sa hannu! Ranar Alhamis mai hoto zai zo ya ɗauki gashin bakin ta kusurwa takwas. Yarjejeniyar ta ce kada a taɓa shi har gem ya fito. Baba Abu Samir, ko gashi ɗaya kada ya faɗi."

"Yaushe zai fito?" Abu Firas ya tambaya da wata 'yar murya.

"In Allah ya yarda, nan da shekara biyu."

Abu Samir ya mayar da aska aljihun tebur. Ya ɗauko kwalbar mai, ya ɗiga a yatsa, ya shafa wa gashin bakin a tsanake, ya lanƙwasa gefe biyun sama har suka tsaya ƙyam. Mutane suka fara shigowa, aka kawo gahawa. Wani baƙo da ke jiran layi ya ƙura wa Abu Firas ido, ya ce, "Malam, kamar na san fuskar nan. Kana harkar gem ne?"

Kowa a shagon ya juyo yana jira. Abu Firas ya buɗe baki, ya ja numfashi kamar yadda ya saba. Sai ya rufe, ya ɗauki kofinsa ya kurɓa.

"Haya nake bayarwa a sama," ya ce.